Abin da aka tsayar kan gyaran jikin kare da kyanwa

Ga abin da na tsinto daga wata doguwar tattaunawa da aka yi kan gyaran jikin kare da kyanwa, don wanda bai samu bi ba.

1. Baki ya zo ɗaya: kada a yi wa dabba wanka da sabulun mutane, yana busar mata da fata.

2. Wanda aka fi nanatawa, kuma a ganina ya cancanta: maganin ƙuma na kare mai sinadarin fametirin guba ne ga kyanwa. Yakan sa ta karkarwa da farfaɗiya, har ya kashe ta. Ko goga jiki da karen da aka shafa wa yana da haɗari.

3. Farce: a datse tsinin kawai, akwai jijiyar jini a ciki.

4. Mai dogon gashi a taje shi kullum kafin ya cukurkuɗe.

5. An rabu kan wankan kyanwa. Mafi yawa sun ce lasar jikinta ta wadatar, sai in ta shiga ƙazanta ko tsufa ya hana ta. Wasu sun tsaya kan wanka jefi-jefi.

6. Ban da gyaran jiki, an kuma taɓo batun katin gaisuwa: mai hoton dabbar mutum ya fi na kanti karɓuwa. Na jajen mutuwar dabba kuwa, wasu sun ce kara ce, wasu na ganin an zaƙe.