Giya tana "silif": da me za mu kira shi?

1/ Jama'a, kalma nake nema. Mota mai otomatik in ta fara rigima, sai bakanike ya ce, "Alhaji, giyarka tana silif." Wato ka taka totur, inji ya yi ta ƙugi, allura ta hau, amma motar ba ta ƙara gudu ba.

2/ A cikin giyabos akwai faifan da masu gyara ke kira faiba. Ƙarfin man giya ne ke matse su su kama juna. In man ya yi ƙasa, ko ya ƙone, ko faibar ta cinye, riƙon sai ya yi sako-sako. Don haka ake fara zaro sandar awon man giya, a motar da ke da ita: mai lafiyayye ja ne garau, wanda ya ƙone kuwa ya yi duhu, yana ƙauri.

3/ An kawo "santsi". Ban karɓa ba. Kowa ya ji santsi, taya da kwalta a damina zai tuna. "Zamewa" ma haka, sai a zaci motar ce ta bar hanya.

4/ Wani dattijo ya ce "suɓucewa", kuma nan na tsaya. Ba a cewa abu ya suɓuce sai da ma an riƙe shi. Faiba ta kama, ta kasa riƙewa. Suɓucewar giya. Baba, Allah ya ƙara girma.

5/ Kada a haɗa ta da 'yan uwanta. Ka sa D, sai an jima motar ta motsa, wannan jinkirin kamu ne. In tana dukanka a baya duk sanda ta canja giya, fizga ce. Mu kan dunƙule su duka mu ce "giya ta lalace", daga nan sai kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano neman giyabos ɗan Beljiyam, alhali wataƙila mai ne ke ɗiga ta wani wuri.

6/ Motocin kasuwar Amurka daga 1996 suna da wurin jona na'urar bincike. Giyar da ke suɓucewa kan sa na'urar ta nuna lambar matsala P0730, amma lambar ba ta faɗin dalili.

7/ Saura ɗaya: in kwamfutar mota ta ga matsala ta kulle ta a giya guda, sau da yawa ta biyu ko ta uku, don a lallaɓa zuwa gareji. Ni "ɗingishi" nake so. Masu gyara, ku me kuke cewa?