Yanar ido: abinci na iya hana ta, ko sai aiki?

Mai Shinkafa, Argungu:
Assalamu alaikum. Manoman fadama da masunta da yawa a nan, da sun haura shekara 50 sai ganinsu ya fara hazo. Wasu na cewa zogale da zuma suna wanke yana. Gaskiya ne? Kuma me mutum zai yi tun ba ta fito ba?

Ma'aikacin Ido, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam, Malam. Yana ba fata ce da ta rufe ido daga waje ba. Madubin da ke can ciki, bayan baƙin ido, shi ke dushewa, kamar yadda farin ƙwai ke yi idan ya ji wuta. In ya dushe ya dushe, babu ganye ko maganin ɗigawa da zai mai da shi garau. Abin da ke hannunmu shi ne jinkirta ta.

Mai aiki a ruwa rana biyu yake sha, ta sama da wadda ruwa ke maidowa. A sa malafa mai faɗin baki, da tabarau mai alamar UV400, wato mai tare hasken rana da ke cutar da ido. Baƙin gilashi marar wannan kariya ya fi zama haka nan illa, don ƙwayar ido na ƙara buɗewa a bayansa, hasken ya shiga da yawa. Sigari kuwa a bar shi kawai.

Malamar Jinya, Gusau:
Ƙari kan bayanin Malam: ciwon suga na kawo yana da wuri, domin sukarin da ya yi yawa yana taruwa a madubin, ya ja ruwa, ya kumbura shi. A yi gwajin suga da safe kafin karyawa. In awon ya nuna 126 mg/dL ko sama da haka, a ga likita. Sai maganin ɗigawa mai dexamethasone ko betamethasone da ake saya a kemis don ƙaiƙayi. Yana kwantar da ja nan take, shi ya sa ake son sa, amma wata da watanni ana ɗigawa yana jawo yana, har da hawan jinin ido.

Batun abinci: zogale, alayyafo, rama, kabewa, gwaiba, lemo, ƙwai da kifi duk suna da amfani, a ciki dai, ba a ido ba. Kada a dafe ganye har ya yi baƙi. Zuma kuma a bar ta a kunu.

Mai Shinkafa, Argungu:
Na gode. Wanda tasa ta riga ta fito fa? Akwai masu zagayawa ƙauyuka suna cirewa da allura.

Ma'aikacin Ido, Birnin Kebbi:
Ba cirewa suke ba, tura madubin suke ya faɗa cikin ido. Mutum ya ga haske kwana biyu, daga baya kumburi ko hawan jinin ido ya biyo, wanda kan kai ga makantar da ba ta da gyara. A asibiti ana kashe zafin wurin, a cire madubin, a sa na roba, galibi cikin ƙasa da minti 30. Ba sai an jira ta "nuna" ba. Da ta fara hana mutum gane fuska ko ƙirga kuɗi, a kai shi.