Shawarwarin masu lambu kan dasa bulubari a gida

A tattaunawar da masu lambu na gabashin Amurka suka yi kan bulubari, ɗan itace mai ƙananan 'ya'ya shuɗɗa da ake ci, wanda asalinsa na yankin ne, magana ta fi tsayawa a kan ƙasa. Sun yi ittifaƙi cewa shukar ba ta yin albarka sai a ƙasa mai tsami, wadda ma'aunin tsaminta, wato pH, yake tsakanin 4.5 da 5.5, saboda haka ya wajaba a gwada ƙasar tukuna, idan tsaminta ya gaza a gauraya mata farar wuta watanni kafin dashe, kuma a nisanta ta da toka, domin toka tana kashe tsamin. A ganina wannan ce shawara mafi muhimmanci, tun da ganyen da ya koma rawaya yawanci daga nan matsalarsa take.

Saiwoyinta sirara ne kuma ba sa nisa a ƙasa, don haka aka ce a lulluɓe gindin da ɓawon itacen fayin (pine, mai ganye kamar allura), a riƙa ban ruwa akai-akai. Wasu sun ƙara da cewa a dasa iri biyu kusa da juna domin ƙudan zuma su haɗa furanninsu, a cire furen shekarar farko, sannan a rufa raga idan 'ya'yan sun fara nuna saboda tsuntsaye.