Wane littafi zan fara da shi? Ina neman na labari, na kimiyya da na masana

Sadiq_MaiTambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema. Ina so in koma karatun littafi na gaske ba na jarabawa ba, don na lura hankalina ya saba da gajerun rubutu na waya, da na ga abu ya yi tsawo sai in tsallake. Kashi uku nake so: littafin labari mai nauyi wanda ba soyayya zalla ba, sai na kimiyya wanda wanda bai yi sayans a makaranta ba zai gane, sai kuma na masana irin tarihi ko yadda dauloli ke tashi su faɗi. Turancina matsakaici ne, Larabci kuma kaɗan-kaɗan. Roƙona ɗaya, kar a jero min sunaye ashirin a wuce, ku gaya min me ke cikin littafin da dalilin da ya sa kuka zaɓe shi. Allah ya saka da alheri.

Ummu_Hanan:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ɓangaren labari zan taɓa. Ka nemi Paradise na Abdulrazak Gurnah, mutumin Zanzibar ɗin nan da ya ci kyautar Nobel a 2021, littafin ya fito tun 1994. Labarin wani yaro ne Yusuf ɗan shekara 12 da ubansa ya bayar da shi jingina ga wani attajiri Aziz saboda bashi, yaron yana ta kiran mutumin kawu bai san an ajiye shi ne a madadin kuɗi ba sai daga baya. Daga nan ya bi ayarin fatake zuwa can cikin ƙasa a gabashin Afirka, lokacin Jamusawa na shigowa da mulkinsu. Abin da ya kama ni shine marubucin ba ya ɗaga murya, ba ya ce maka ga mugu ga na kirki, attajirin nan mai ladabi ne mai ƙamshin turare mai sallah, kuma shine ya riƙe 'ya'yan mutane. Turancinsa ba mai wahala ba ne sosai.

Kuma in ka gama shi ka ɗauko Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ka sake karantawa, wanda ya fito 1934, ko da ka yi shi a makaranta. Nan ma yaro ne aka raba da uwarsa ya ƙare a hannun Balarabe, uwar ta bi sahunsa cikin Sahara har ita ma ta faɗa bauta. Wallahi in ka haɗa su biyun za ka ga kamar suna hira da juna duk da shekara 60 ne tsakaninsu. Akwai kuma na Ɗayyib Salih ɗan Sudan, Mausimul Hijra ilash Shamal na 1966, gajere ne kuma akwai fassarar Turanci, amma fa akwai wurare masu nauyi a kan maza da mata, ka san da wannan kafin ka buɗe shi.

Ɗan_Lissafi:
Malam Sadiq a kimiyya shawarata kar ka fara da A Brief History of Time na Stephen Hawking duk da shi kowa ke ambata, mutane da yawa sun saya sun tsaya a tsakiya, don ko da ƙa'idar lissafi ɗaya tak ya sa a ciki maganar ita kanta tana da zurfi. Ka fara da The Ghost Map na Steven Johnson, 2006. Ina ganin babu littafin da ya fi shi nuna wa mutum yadda ake binciken kimiyya da ƙafa da ido.

Labarin annobar kwalara ce da ta ɓarke a unguwar Soho a Landan a ƙarshen watan Agusta 1854, cikin kwana goma mutum sama da 500 suka mutu. A lokacin manyan likitoci da hukuma sun yi imani wari da gurɓatacciyar iska ke kawo cutar. Wani likita John Snow shi kuma yana zargin ruwa ne, sai ya shiga gida-gida yana tambaya wa ya mutu, a ina suke ɗiban ruwa, ya ga gawarwakin sun taru ne kewaye da famfo ɗaya a titin Broad. Amma inda abin ya fi daɗi shine waɗanda ba su dace da tsarin ba. Akwai kamfanin giya a kan titin, ma'aikatansa ba su mutu ba, ashe ba sa shan ruwan famfon. Akwai gidan gajiyayyu mai ɗaruruwan mutane dab da wurin, kaɗan ne suka mutu, ashe suna da rijiyarsu. Sai kuma wata bazawara da ke zaune can Hampstead nesa da unguwar, ita kuma ta mutu, da aka bincika ashe ɗanɗanon ruwan famfon take so, ana kai mata shi a kwalba har gida. Ka ga hujja ta fito ta gaba ta fito ta baya.

Sannan akwai wani limamin coci Henry Whitehead da ya fara bincike don ya ƙaryata Snow, ƙarshe shi ya gano asalin abin, wata jaririya ce ta kamu a gida mai lamba 40, aka zuba ruwan wankin tsummanta a shaddar da ke dab da rijiyar famfon. An cire hannun famfon ranar 8 ga Satumba, kuma littafin bai ɓoye maka cewa lokacin annobar ta riga ta fara lafawa ba, kuma hukuma ba ta yarda da Snow ba har ya rasu a 1858. Duk wannan ba tare da ya taɓa ganin ƙwayar cutar da idonsa ba fa.

In ka gama sai Cosmos na Carl Sagan, 1980. Tun a farkonsa akwai yadda Eratosthenes ya auna kewayen duniya sama da shekara 2000 da suka wuce da inuwar sanda a Iskandariyya.

Malam_Habu:
Ni a ganina ka ajiye littattafan labari zuwa ƙarshe, lokaci kaɗan ne, abin da bai faru ba bai kamata ya sha gaban wanda ya faru ba. Ka fara da Muƙaddima ta Ibn Khaldun. An haife shi a Tunis 1332, ya rasu a Alƙahira 1406, ya rubuta ta a 1377 a wata ganuwa da ke ƙasar Aljeriya ta yau bayan ya gaji da hidimar sarakuna, don ya yi musu aiki ya sha ɗauri a hannunsu, ba daga nesa ya san fada ba. Tambayar da ka yi ta yadda dauloli ke tashi su faɗi ita ce gaba ɗaya littafin. Yana cewa mutanen da wahala ta haɗa kansu suna da asabiyya, wato ƙarfin zumunci da tsaya wa juna, da ita suke ƙwace mulki, sai 'ya'yansu su tashi cikin daɗi, jikoki su manta yadda aka samo abin su koma hayar sojoji da ƙara haraji, shi ya sa ya ce daula ba ta cika wuce zuriya uku ba, wajen shekara 120. Har ya lura a farkon daula haraji kaɗan ne kuɗin shiga da yawa, a ƙarshenta haraji da yawa kuɗin shiga kaɗan.

Abin da ya fi burge ni ma shine farkon littafin inda yake tuhumar marubuta tarihi da kwafar labari ba tunani. Ya ɗauki maganar da Mas'udi da wasu suka kawo cewa mayaƙan Bani Isra'ila tare da Annabi Musa sun kai 600,000, ya ce a tsaya a yi lissafi, daular Farisa da duk girmanta rundunar da ta tara a yaƙin Ƙadisiyya 120,000 ce, kuma wane fili ne zai ɗauki sahun yaƙi irin wannan. Amma ka karanta da idonka a buɗe, akwai inda ya yi magana a kan baƙar fata da tasirin zafin rana a halinsu, wannan kuskure ne da ya gada daga na gabansa, ma'aunin da ya koyar da kansa ya isa ya rushe shi.

Na zamani kuma ka haɗa biyu masu jayayya, How Europe Underdeveloped Africa na Walter Rodney 1972 da Why Nations Fail na Acemoglu da Robinson 2012. Na farko ya ɗora nauyin a kan cinikin bayi da mulkin mallaka, na biyu a kan irin tsarin mulki da dokokin da ƙasa ta ginu a kai. Kar ka karanta ɗaya ka bar ɗaya.

Ummu_Hanan:
Malam Habu Allah ya ƙara ilimi, amma maganar a bar labari a ƙarshe ban yarda ba sam. Ka tuna yadda Things Fall Apart na Achebe ya ƙare, bayan mun bi Okonkwo tun tashinsa har mutuwarsa, sai ga jami'in Bature yana tunanin labarin mutumin nan zai iya cika sakin layi guda a littafin da yake rubutawa. To ai abin kenan, Rodney zai ba ka dalilai da alƙaluma, amma yadda abin yake a cikin gida ɗaya, uba da ɗansa sun rabu a kan sabon addini, wannan sai littafin labari. Kuma wanda ya daɗe bai yi dogon karatu ba in ka fara ɗora masa Muƙaddima zai gudu ne, a bar shi ya saba tukuna, sannu ba ta hana zuwa.

Zainab_Lab:
Ƙarin bayani kaɗan a kan na kimiyya yaya Sadiq, ka riƙa duba shekarar da littafi ya fito don ilimin yana motsi. Misali Thinking, Fast and Slow na Daniel Kahneman 2011, littafi ne mai kyau a kan yadda ƙwaƙwalwa ke yanke hukunci cikin gaggawa, amma akwai babin da ya dogara da wasu gwaje-gwaje na cewa kalmar da ka gani tana canza halinka ba ka sani ba, daga baya da aka maimaita wasunsu ba su ba da sakamako iri ɗaya ba, shi kansa a 2017 ya fito ya amince ya dogara da bincike masu rauni a wurin. Haka Cosmos, lokacin da aka rubuta shi ba a tabbatar da ko duniya ɗaya da ke kewaya wani tauraro ban da ranarmu ba, yanzu an gano dubbai.

Nawa zaɓin The Emperor of All Maladies na Siddhartha Mukherjee, likitan cutar daji (kansa) ne, 2010. Tarihin cutar kansa ne tun daga Masar ta dā har zuwa zamaninmu, ciki har da yadda Sidney Farber ya fara gwada magani a kan yara masu kansar jini a Boston a 1947. Yana da kauri gaskiya, amma in akwai wanda ka sani da ya yi wannan jinyar za ka fahimci abubuwan da likita bai samu lokacin yi maka bayani ba.

Sadiq_MaiTambaya:
Kai masha Allah, na gode ƙwarai. Zan fara da Paradise da The Ghost Map tare. Malam Habu ita Muƙaddimar wace fassara zan nema, ko in daure da Larabcin?

Malam_Habu:
Fassarar Franz Rosenthal ta 1958 juzu'i uku ce, ta yi maka yawa yanzu. Ka nemi taƙaitacciyar da N. J. Dawood ya fitar daga cikinta a 1967, juzu'i ɗaya. Ka karanta gabatarwar kan kurakuran masu tarihi, ka tsallake dogon bayanin yankunan duniya da ke babi na farko, ka shiga babi na biyu da na uku inda maganar ƙauye da birni da sarauta take. Ka ajiye na Larabcin a gefe, duk inda wata magana ta tsaya maka sai ka duba yadda shi ya faɗe ta, Larabcinka ma zai ƙaru a hakan.