Wai ina kuɗin tallafin mai da aka cire suke tafiya ne?

Malamin Firamare:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina da tambayar da ta daɗe tana cina a rai. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Tinubu ya tsaya a Eagle Square ya ce tallafin mai ya tafi, aka yi ta gaya mana kuɗin za a zuba su ne a asibiti da makarantu da hanyoyi. To wallahi ni dai abin da na gani shi ne litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa Oktoba 2024 ta wuce dubu, ga shi an saki naira kasuwa ta riƙa yanke darajarta, dala ta tashi daga naira 460 da wani abu har ta wuce 1,500. Yarana biyar, babur ɗina na jingine shi a zaure a ƙafa nake zuwa aiki, kuma ajin da nake koyarwa har yau rabin yaran a ƙasa suke zama, in damina ta zo sai mu matsa gefe guda saboda yoyo. Kuɗin nan ina suke shiga ne? Wanda ya sani ya fahimtar da ni.

Bakatsine:
Wa alaikumus salam Malam. Kuɗin fa suna shigowa, ka duba rabon wata-wata da kwamitin rabon kuɗin ƙasa, wato FAAC, ke yi tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi, kafin a cire tallafi da wuya a raba naira tiriliyan ɗaya a wata, yanzu ana wuce haka sosai. Sai dai nairar ta yi yawa a takarda amma ba ta da ƙarfi, kuma bashin da aka ciyo da dala shi ma ya kumbura. Amma abin da ke damuna shi ne kowa Abuja yake kallo, ba mai tambayar gwamnansa. Makarantarka ta firamare ai jiha da ƙaramar hukuma ne ke da nauyinta. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ka je ka tambayi ciyaman ɗinku ko suna zuwa hannunsa, in suna zuwa me ya yi da su.

Maman 'Yan Biyu:
Malam Allah ya kawo sauƙi, mu mata a kicin muke ganin abin. Lokacin da aka mayar da mafi ƙarancin albashi 70,000 a Yulin 2024 buhun shinkafa ɗaya ya fi ƙarfin albashin nan gaba ɗaya. Na bar gas na koma gawayi, gawayin ma ya yi tsada. Gaskiya masara ta ɗan sauko daga baya, amma magani da kuɗin mota da haya ko gezau.

Manomi Daga Giwa:
Hajiya wannan saukowar da kika gani mu a jikinmu ta ƙare. Gwamnati ta cire haraji a shigo da masara da shinkafa da alkama daga waje a 2024, mu kuma mun sayi taki da tsada mun biya kuɗin huɗa da feshi da tsada, da kaka ta yi sai ka sayar da buhun masara bai sayo maka buhun taki ɗaya ba. Ga 'yan bindiga sun hana mu gonakin nesa. Ba na so talaka ya ci da tsada wallahi, amma in ba a sauko da taki ba da yawa za su bar masara, kuma kowa zai ji a jikinsa.

Malamin Firamare:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam Bakatsine a ina mutum zai ga abin da ƙaramar hukumarsa ta samu?

Bakatsine:
Hukumar ƙididdiga ta ƙasa NBS tana sakawa a shafinta na intanet, jiha-jiha har da ƙananan hukumomi 774. Ka sauke na watannin baya ka buga a takarda, ranar taron iyaye da malamai ka tafi da ita, ku haɗu da mai unguwa da dattawa ku sami ciyaman a ofis da maganar rufin nan da benci.