Wa ya taɓa shiga koyon rawar wasu a wajen bikin al'adu? Ku zo mu ji

Baban Walid: Salam jama'a. Ƙanina ne aka ɗauka cikin 'yan rawar da za su wakilci jiha a NAFEST, bikin al'adun nan na ƙasa da ake zagayawa da shi jiha jiha, to shi yaron koroso kawai ya iya tun yana firamare, yanzu abokansa sun ce masa bayan wasan da ake yi gaban alƙalai 'yan jihohi kan haɗu da yamma a masauki kowa yana koya wa wani rawarsu, shi kuma duk ya bi ya tsure wai kar ya je ya ba da kansa. Wanda ya taɓa zuwa don Allah ya ba mu labari, kun shiga ko kallo kawai kuka yi?

Sagir mai koroso: Wslm yaya. Ni na je na Jos a 2020, watan Nuwamba, ga korona ga sanyin Jos kamar ya tsaga ƙashi. Wlh na tafi ina ganin duk wata rawa in na kalle ta sau biyu na ɗauke, sai da na haɗu da 'yan Binuwai masu swange. Mu koroso ƙarfinta a ƙafa yake da tsalle da dirowa, su kuma komai a ƙugu da gadon baya, mutum zai duƙa ya dinga lanƙwasa kamar ba ƙashi a jikinsa kuma a hankali yana murmushi abinsa. Wanda ya koya mana wani dattijon Tibi ne ya ɗaura zanen nan nasu mai ratsin baƙi da fari, ya zo ya dafa min baya ya ce da Hausarsa ta Gboko, aboki saki jiki ba dambe ba ne. Kowa ya kwashe da dariya har ni. Awa ɗaya muka yi, da asuba ruku'u sai da na dafa bango.

Amma fa mun rama. Washegari muka ɗaura musu koroson a ƙafa, ai kaɗa shi kowa ya iya, wuyar ita ce mutum goma su tsayar da ƙararsa lokaci guda idan mai sarewa ya yanke, su kuwa sai ka ji cakacaka na bin baya kamar an zubar da tsakuwa a kwano. Dattijon nan da kansa ya ce ashe ku ma akwai aiki. Har yau muna gaisawa a waya.

Maman Ilham: Hhh Sagir ka tuna min. Ni ba 'yar rawa ba ce, kallo na kai yara lokacin da aka yi a nan Kaduna 2017, sai Ilham ta liƙe wa wasu mata 'yan Kalaba da ke gwajin ekombi a bayan rumfa, rawar Efik ce da suke kwaikwayon igiyar teku, a duƙa a tafi gaba a dawo baya a hankali. Matar ta ga ina ta gyaɗa kai sai ta jawo hannuna, na duba na ga mata ne zalla na ce to bari in ɗan tuna gaɗar da muka yi a dandali muna yara. Da hijabina da komai. Ashe gaɗa daban wannan daban, gwiwa ce ke cin wuya. Abin da ya fi damuna ba gwiwar ba, wata ta ɗauke ni a waya ta sa a sitatus, kafin in isa gida surukata ta gani, ina shiga ta ce sannu da aiki Hajiya. Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Baban Walid ka gaya masa ko'ina akwai waya.

Malam Hadi makaɗi: Ni ta ɓangaren kiɗa zan yi magana tunda kalangu na gada. A Legas 2022 na zauna da makaɗan bata na Yarbawa kusan kwana uku. Mutane na haɗa bata da kalangu, ba ɗaya ba ne, ɗan uwan kalangu a wajensu shi ne gangan da dundun masu tsirkiya da ake matsewa. Bata baki biyu gare ta, babba da ƙarami, babban da tafin hannu ƙaramin kuma da wata fata da suke ce wa bilala, na ce ai bulalarmu ce kuka ara, suka ce mu muka ara, har muka rabu ba a raba gardamar ba. Abin da na lura, mai rawar bata ba lissafin taku yake ba, uwar gangar da suke kira iya ilu magana take masa shi kuma ya amsa da kafaɗa, kamar yadda ɗan dambe ke jin takensa tun kafin a ambaci sunansa. Yaranmu da suka shiga ajin suna ta ƙirga ɗaya biyu uku, malamin ya ce ku daina ƙirga ku saurara, to ta ina za su saurara ba sa jin Yarbanci.

Gaskiya kuma in faɗa, biyu daga cikinmu sun ƙi shiga da suka ji asalin bata na da alaƙa da bautar Sango, ba wanda ya matsa musu, su makaɗan ma da yawansu musulmi ne tare muka yi la'asar. Yaron ya san ba dole.

Ɗan Tudun Wada: Nawa gajere ne. Kar ya kuskura ya gwada atilogu ta Ibo kafin ranar wasansu. Wani namu ya ga yara ƙanana na alkafura a sama ya ce shi ma, ya sauko a kan idon sawu, ranar gasa shi ne mai tsaron takalma.

Elh. Issoufou, Damagaram: Ku yara kun sa na tuna zamanin shugaba Kunce a nan Nijar, lokacin ƙungiyoyin samariya, da ake tara matasan jihohi ana gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Mu 'yan Zinder mun tafi da kuri, can na fara ganin takamba kusa da kusa, rawar da ko a zaune ana yinta, hannu da kafaɗa da ido kawai, na ce wannan ai hutu ne. Da na shiga sai na ga hannuna na riga kiɗan gudu, wata tsohuwa ta riƙe min wuyan hannu tana ja da shi sannu sannu kamar mai saƙa. Shekara nawa yau, in na ji kiɗan a rediyo hannun na motsi da kanshi, jikoki na yi mini dariya.

Baban Walid: Kai madalla, na gode ƙwarai, Baba Elhaji Allah ya ƙara lafiya. Na miƙa masa wayar ya karanta duka, ya ce swange zai gwada amma sai sun gama nasu, atilogu kuwa ko da kuɗi. Sagir wai me ka shafa a bayan?

Sagir mai koroso: Man zafi na kemis da gashin ruwan ɗumi yaya, kwana biyu ya sake ni. Kuma ya tafi da koroso na ajiya ko guda biyu, roƙa za su yi, ni nawa a Gboko yake yanzu haka.