Mako uku da fara sa kontak, idona na hagu ya ƙi daina ja

Mai Ɗaukar Hoto:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sani a kan gilashin nan da ake mannawa a ƙwayar ido, wato kontak, ku ba ni shawara.

Tun ina 'yar shekara 11 nake sa tabarau, ba na ganin nesa. Yanzu lambata ta kai -5.50 a dama, -6.00 a hagu, gilashin ya yi kauri har ya bar min shaida a karan hanci. Sana'ata ɗaukar hoto, in na kara ido da kyamara sai firam ya tokare ni, gumi kuma ya riƙa zamar da shi. Shi ya sa na yi odar kontak ta intanet, irin na wata guda, na tura musu lambar da ke takardar tabarauna. Ranar da na fara sawa sai da na yi ƙwalla, don ban taɓa ganin gefe da gefe tar haka ba.

Yau mako uku ke nan. Idon dama lafiya lau. Na hagu kuwa da yamma ta yi sai in ji kamar an watsa min yashi, in na ƙifta ina jin abin yana zamewa ƙasa sannan ya dawo. Tun shekaranjiya ya yi jajir, yau da safe hasken taga ma sai da na runtse. Ba zan ɓoye muku ba, sau biyu barci ya kwashe ni da su, kuma ranar da ruwan wankinsu ya ƙare na jiƙa su a ruwan famfo suka kwana.

Shin idon ne bai saba ba tukuna, in ci gaba da daurewa? Kuma da gaske ne yana iya zamewa ya shige bayan ido?

Yaya Babba:

Ƙanwata, kafin ki ƙarasa karanta wannan, wanke hannu ki cire su duka biyun. Kada ki jefar. Ki sa su a mazubinsu da ruwan da ke ciki, ki tafi da su wurin likitan ido yau ɗin nan, don wani lokaci a jikinsu ake gano ƙwayar cutar. Kuma kada ki sayi maganin ɗigawa na kore jan ido da kanki, akwai masu sinadarin da ke ƙara wa cutar ƙarfi.

Rashin sabo na kwanakin farko ne, ki ji kamar gashin ido ya faɗa miki, kullum kuma yana raguwa. Ja da zafi da gudun haske a mako na uku wani abu ne daban.

Shekarata 14 ina sa kontak. A shekara ta huɗu na dawo daga aikin dare a gajiye, na ce bari in ɗan kishingiɗa. Na farka ido a manne da kwantsa. Na ce zai wuce, na ƙara kwana biyu. Da na je aka ce gyambo ne a koniya, tantanin nan mai garai-garai da ya rufe baƙin ido. Magani kowace awa, dare da rana, na saita ƙararrawar waya mahaifiyata na tashina ina ɗigawa. Ya warke, alhamdu lillahi, amma ya bar tabo ƙarami kamar kan allura. Har yau in ina tuƙi da dare fitilun motoci tarwatsewa suke yi a idon nan.

A lokacin ne likitan ta fahimtar da ni abin da ya kamata in sani tun farko. Koniya ba ta da jijiyoyin jini, daga iska take shan iskar oksijin ta cikin hawaye. Kin ɗora mata kontak kin rage mata, kin rufe ido kin yi barci kin ƙara ragewa, ga ɗumi ga danshi, ƙwayoyin cuta sun samu wurin zama. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce barci da kontak yana ninka haɗarin kamuwa sau shida zuwa takwas.

Amma ni ruwan famfon nan ya fi tayar min da hankali. Akwai wata halitta da ido ba ya gani, akantamiba, tana rayuwa a ruwan famfo da na rijiya da na wurin ninkaya. Ba kasafai take kama mutum ba, amma in ta shiga koniya ana shafe watanni ana magani, wasu sai an yi musu dashe. Ki faɗa wa likita maganar ruwan nan da bakinki ko bai tambaya ba.

Ɗan Gajere:

Allah ya ba ki lafiya. Ni in nawa ruwan ya ƙare, tafasa ruwa nake yi in sa ɗan gishiri in bari ya huce. Shekara biyu ban ga komai ba.

Ma'aikacin Ɗakin Gwajin Ido:

Ɗan'uwa, don girman Allah ka daina. Ruwan gishirin haɗin gida shi aka gano yana da hannu a yawaitar cutar akantamiba a Amurka a shekarun 1980. Ba ya kashe komai. Kontak mai laushi kamar soso yake: tun irin na farko da masanin sinadarai Otto Wichterle ya ƙera a 1961, wajen kashi 38 cikin ɗari na jikinsa ruwa ne, wasu na yanzu ma sun haura rabi. Duk ruwan da ka jiƙa shi a ciki sha yake yi, ya kai maka ido. In ruwan wanki ya ƙare, a cire a yar, a koma tabarau.

Malama, duk abin da Yaya ta faɗa haka yake, ki je yau. Zan ƙara da maganar lamba, don nan aka fara kuskure.

Takardar tabarau ba ita ce takardar kontak ba. Tabarau yana zama kamar milimita 12 daga ido, kontak kuwa a kan idon yake, don haka in lamba ta wuce 4.00 sai an sake lissafi. Mai -6.00 a tabarau yawanci wajen -5.50 zai sa a kontak. Naki ya yi miki ƙarfi ke nan, ido na ta wahalar da kansa. Sannan duba jikin kwalin, za ki ga BC da DIA. Na farko lanƙwasar kontak ɗin ne, kamar 8.4 ko 8.6, na biyu faɗinsa, kamar 14.0 ko 14.2. Waɗannan sai an auna koniya, an sa miki na gwaji, an duba da na'ura yadda yake motsi in kin ƙifta. Zamewar da kike ji alama ce ta ya yi sako-sako. Wanda ya matse ya fi ba ni tsoro, don mai shi ba ya jin komai da farko alhali hawaye ba ya zagayawa ƙarƙashinsa. In kuma akwai lamba a ƙarƙashin CYL a takardarki, wato lanƙwasar idon ba ta zagaye daidai ba, wataƙila irin da ake yi wa masu wannan matsalar, wanda ake kira torik, kike buƙata.

Bayan ido kuwa, kwantar da hankalinki, ba hanya. Tantanin da ya rufe farin ido ya naɗo ya haɗe da cikin fatar ido, iyakarsa ya maƙale a ƙarƙashin fatar sama.

In an sallame ki kika koma sawa: a wanke hannu a tsane shi sarai, a murza kontak a tafin hannu da ruwan wankinsa, a zubar da na jiya a zuba sabo, ba ƙari a kan tsoho ba. Mazubin a ɗauraye da ruwan wankin, a kife shi ya bushe, a sauya duk wata uku. Kontak na wata guda daga ranar da aka buɗe ake ƙirga kwana 30, ko sau biyar kawai aka sa. Ba wanka da shi, ba ninkaya. Mai aiki irin naki, ki tambayi likita game da na kwana ɗaya, wanda ake sawa da safe a yar da dare.

Mai Ɗaukar Hoto:

Yaya, Malam, Allah ya saka da alheri. Na cire, na je da yamman nan da mazubin a jaka. Likita ya ɗiga min wani ruwa mai ruwan ɗorawa, ya haska da shuɗiyar fitila, ya ce akwai ƙarzuwa da ɗan farin ɗigo a gefen koniyar hagu, bai kai tsakiya ba. Da na ambaci ruwan famfo sai ya ajiye biro ya sa na maimaita, ya karɓi mazubin a kai ɗakin bincike. An ba ni maganin ɗigawa duk awa, gobe da safe zan koma ya sake dubawa. Ya kuma nuna min CYL -1.25 a layin hagu na takardata, ni ban taɓa lura da ita ba.

Na soke aikin da nake da shi ranar Asabar. Yaya, da kike ɗiga na dare, kina kunna fitila ne ko da lalube kike yi? Har yanzu haske na soka min ido.